An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Zafin Rana da Ƙwallon Sana'a a Jihar Florida

Gabatarwa

A watan Janairu na shekarar 2002 hukumar babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, wadda aka fi sani da MLS, ta ba da sanarwar rushe ƙungiyoyi biyu daga cikin goma sha biyun da take da su. Duka biyun kuwa a jiha ɗaya suke, wato Florida, can kudu maso gabashin ƙasar, inda rana da ruwan sama da gumi suka yi kaka-gida. Ɗaya ita ce Tampa Bay Mutiny, ɗayar kuma Miami Fusion. Ita Fusion ɗin ma, watanni kaɗan kafin nan, ita ce ta fi kowace ƙungiya yawan maki a kakar wasa ta 2001. Tun daga lokacin wata magana ta sami gindin zama a bakin masu sharhin wasanni: wai gari mai zafi ba zai iya riƙe ƙungiyar ƙwallon sana'a ba, domin 'yan wasa za su galabaita, 'yan kallo kuma gara su tafi bakin teku shan iska da su zauna rana tana gasa su.

Mu da muka tashi muna buga ƙwallon tsumma a kan rairayi mai ƙuna, ba takalmi, jin wannan magana zai iya ba mu dariya. To amma akwai bambanci tsakanin wasan unguwa da ƙwallon sana'a. Shi ƙwallon sana'a kasuwanci ne: akwai albashin 'yan wasa da masu horarwa, akwai kuɗin tafiye-tafiye da na hayar fili, kuma dole kuɗin nan su fito daga wani wuri kowane wata. Saboda haka tambayar ta cancanci a tsaya a duba ta. A wannan maƙala za mu bi tarihin ƙungiyoyin Florida daga 1975, mu ga ko zafi ne ya kashe waɗanda suka mutu, sa'annan mu waiwayo gida mu ga abin da darasin yake faɗa mana.

Zamanin Farko: 1975 zuwa 1984

Kafin a kafa MLS an yi wata gasa mai suna NASL, wadda ta rayu daga 1968 zuwa 1984. A ƙarƙashinta ne Tampa Bay Rowdies ta fara wasa a 1975, shekarar da Pele ya zo New York Cosmos. A kakarta ta farko Rowdies ta ci kofin gasar bayan ta doke Portland Timbers da ci 2 da nema. Mutanen Tampa suka rungume ta hannu bibbiyu, har ya zama a 1980 yawan masu shiga kallon kowane wasanta na gida, in an yi raba-daidai, ya haura 28,000. Kuma a watannin Yuni da Yuli da Agusta ake tsakiyar gasar, lokacin da zafin Florida yake kan ganiyarsa.

A gefen Miami kuwa abin bai zo da sauƙi ba. Ƙungiyar da ke can, Miami Toros, ta kasa tara jama'a, sai masu ita suka mai da ita garin Fort Lauderdale a 1977, suka sauya mata suna zuwa Strikers. Garin nan yana arewa da Miami da tazarar kilomita arba'in da wani abu, kuma yanayinsu ɗaya ne. Amma da yake filin Lockhart ƙarami ne, 'yan kallo suna dab da 'yan wasa, ga kuma taurari irin su Gordon Banks na Ingila da George Best da Gerd Müller na Jamus da Teofilo Cubillas na Peru, sai ƙungiyar da aka guje wa a Miami ta zama abar so a Fort Lauderdale.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba da haske. A 1978 gasar NASL tana da ƙungiyoyi 24, amma zuwa 1984 tara suka rage. Masu ƙungiyoyi sun yi ta gasar sayen tsofaffin taurari da kuɗin da ƙofa ba ta kawowa, gidajen talabijin kuma suka janye. Ƙungiyoyin garuruwa masu sanyi ba su tsira ba: Minnesota Kicks, wadda ita ma ta taɓa tara dubban jama'a, ta rufe a 1981. Ita Strikers an kwashe ta daga Florida a 1984 an kai ta Minnesota, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi sanyi a Amurka, a wannan shekarar kuma gasar baki ɗaya ta durƙushe. Rowdies ta Tampa tana cikin taran da suka kai ƙarshe. Ke nan annobar da ta kashe NASL ba ta tambayi yanayin garin kowa ba.

Gasar Duniya ta 1994

In muna neman inda zargin da ake yi wa zafi ya sami ƙarfi, to sai mu duba gasar cin kofin duniya ta 1994. Domin a dace da lokacin kallon talabijin a Turai, an sa wasanni da yawa da tsakar rana. A Orlando, wadda ita ce ta wakilci Florida, an take wasan Meziko da Ailan da ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana a ranar 24 ga Yuni, duniya kuma ta ga yadda Turawan Ailan suka yi sharkaf da gumi suna neman ruwa a bakin layi. Wannan hoto ya daɗe a zukatan mutane.

Mu kuwa abin da muke tunawa a wannan gasa daban ne. Kwana uku kafin nan, a ranar 21 ga Yuni, a birnin Dallas na jihar Texas, Nijeriya ta lallasa Bulgeriya da ci 3 da nema, Rashidi Yekini ya riƙe raga yana kuka bayan ya jefa ƙwallonmu na farko a tarihin gasar, Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike suka ƙara. Dallas ta fi Orlando zafi a ma'auni, amma da yamma aka yi wancan wasa. Duk da ranar da aka sha, gasar 1994 ta tara 'yan kallo kusan miliyan uku da dubu ɗari shida. Darasin da ya kamata a ɗauka shi ne cewa sa'ar da aka take wasa tana da muhimmanci ƙwarai. Darasin da mutane da yawa suka ɗauka kuwa shi ne wai kudancin Amurka bai dace da ƙwallo ba.

Mutiny da Fusion: Marainiya da Baƙuwa

An fara gasar MLS a 1996 da ƙungiyoyi goma, cikinsu har da Tampa Bay Mutiny. A fili dai ba ta da laifi. A kakar farko ita ce ta fi kowa maki, Carlos Valderrama na Kolombiya, mai tulin gashin nan, ya zama gwarzon shekara, Roy Lassiter kuma ya ci ƙwallaye 27. A 2000 Mamadou Diallo ɗan Senegal ya ci mata 26. Matsalarta ita ce marainiya ce: ba ta taɓa samun mai ita ba, hukumar gasar ce take gudanar da ita, sauran masu ƙungiyoyi suna raba asararta. Ba ta kuma da gidan kanta. 'Yar haya ce a filin da aka gina domin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, mai cin mutum sama da 60,000, alhali masu zuwa kallonta ba su wuce 9,000 zuwa 13,000 da 'yan kai ba. Duk wanda ya taɓa halartar biki a babban zaure da mutum ashirin ya san yadda abin yake kashe jiki. Hukumar ta nemi iyalan Glazer, masu ƙungiyar zari-rugar garin, su saye ta, ciniki bai faɗa ba. Su ne kuma suka sayi Manchester United a 2005.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi lissafi. Gari ɗaya ne, rana ɗaya ce, watannin wasa kusan ɗaya ne. A 1980 mutum 28,000 suna fitowa, a 2001 kuma kimanin 10,000. Da zafi ne yake hana su, da ya hana iyayensu shekara ashirin kafin nan.

Ita kuwa Miami Fusion, wadda ta shigo a 1998, tana da mai ita, wani ɗan kasuwa mai suna Ken Horowitz. Sai dai sun kasa daidaitawa da hukumomin birnin Miami kan filin Orange Bowl, dole ta koma tsohon filin Lockhart na Fort Lauderdale. Sai ta zama baƙuwa ta fuska biyu: mutanen Miami, musamman 'yan asalin Kudancin Amurka da tsibiran Karebiyan waɗanda suka fi kowa son ƙwallo, suna ganin ta yi musu nisa, mutanen Fort Lauderdale kuma suna ganin sunan wani gari take ɗauke da shi. A 2000 masu kallonta sun faɗo zuwa kimanin 7,500. A 2001, da mai horarwa Ray Hudson, tsohon ɗan wasan Strikers, ya haɗa ƙungiya mai daɗin kallo, yawan ya tashi ya haura 11,000. Wato jama'a sun fara dawowa ke nan, sai aka rufe ƙofa.

Dalilin rufewar kuwa a fili yake. Gasar MLS ta yi asarar kimanin dala miliyan 250 a shekarunta biyar na farko, kuma attajirai uku ne suke ɗauke da mafi yawan nauyinta: Philip Anschutz da Lamar Hunt da Robert Kraft. Da aka zo rage kaya, sai aka sauke ƙungiyar da ba ta da uba da wadda mai ita ya gaji da zuba kuɗi. Babbar shaidarmu a nan ita ce Dallas Burn. Ita ma a lokacin hukumar gasar ce take riƙe da ita, kuma zafin Dallas a watan Yuli yakan kai digiri 35 zuwa 36 a ma'aunin Salshiyas, alhali na Miami bai cika wuce 32 zuwa 33 ba. An bar Dallas da rai, daga bisani Lamar Hunt ya karɓe ta, aka gina mata fili nata a Frisco a 2005. Garin da ya fi zafi ya tsira domin ya sami mai tsaya masa.

Dawowar Ƙwallo Kudu

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara warware zare da abawa. A 2006 aka kai ƙungiya birnin Houston, wanda guminsa bai gaza na Miami ba, ta ci kofin gasar a 2006 da 2007 a jere. A ranar 8 ga Maris, 2015, Orlando City ta yi wasanta na farko a MLS a filin nan da Ailan ta sha wuya a 1994, mutum sama da 62,000 suka shiga. Ba daga sama ta faɗo ba: ta yi shekara huɗu a ƙaramar gasa tana tara magoya baya unguwa-unguwa, a 2017 kuma ta buɗe filinta mai cin mutum 25,500 a cikin gari. Har birnin Phoenix na hamadar Arizona, inda zafin Yuli yake wuce digiri 40, ƙungiyarsa ta ci kofin gasa mai daraja ta biyu a 2023, da yake da dare take wasanninta na bazara.

Miami ita ce ta fi jinkiri. Lokacin da David Beckham ya koma Los Angeles Galaxy a 2007, an sa masa a yarjejeniya cewa yana iya sayen sabuwar ƙungiya a kan dala miliyan 25. A 2014 ya zaɓi Miami, amma sai da aka kai 2018 kafin a tabbatar masa, kuma abin da ya cinye shekarun nan shi ne neman filin da za a yi gini, irin matsalar da ta kori Fusion daga birnin. Inter Miami ta fara wasa a 2020, a sabon filin da aka gina daidai kan kufan Lockhart. Lionel Messi ya zo a Yuli 2023, ta ci kofinta na farko bayan wata guda, a 2024 ta tara maki 74, a Disamba 2025 kuma ta ci kofin MLS.

Gaskiya ta sa mu ce zuwan Messi ba hujja ce mai ƙarfi ba, domin ko a tsakiyar Sahara aka kai shi jama'a za su bi. Za a san ainihin ƙarfin Inter Miami ne ranar da ya rataye takalmansa, masu iya magana kuwa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shaidar Houston da Dallas da Orlando, waɗanda suka daɗe ba tare da irin wannan tauraro ba, ita ta fi nauyi.

Haƙƙin Zafi

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba mu ce zafi ba shi da tasiri ba. Zafi mai haɗe da gumi, irin wanda muka sani a Legas ko Fatakwal, ya fi busasshen zafi haɗari ga mai gudu, domin zufa ba ta bushewa balle jiki ya huce. Daga Mayu zuwa Oktoba kuma Florida tana fama da hadari da tsawa da yamma, waɗanda kan tilasta a dakatar da wasa. A gasar ƙungiyoyin duniya ta 2025 da aka yi a Amurka an dakatar da wasanni da dama saboda tsawa, 'yan wasa kuma sun koka da ranar tsaka. Hukumar FIFA ta fara ba da hutun shan ruwa a gasar duniya ta 2014 a Birazil, a wasan Holan da Meziko a Fortaleza, ta kuma ɗage gasar Ƙatar ta 2022 zuwa Nuwamba da Disamba. Da yake duniya ƙara ɗumi take yi, wannan batu ba zai gushe ba.

Sai dai duk waɗannan matsaloli ne masu magani: a yi wasa da dare, a sa fitilu, a yi wa 'yan kallo rumfa, a gyara kalandar gasa. Asalin wahalar garuruwan kudu ma daga kalanda take, domin an tsara gasar Amurka daga bazara zuwa kaka ne saboda a kauce wa ƙanƙarar garuruwan arewa da kuma lokacin zari-ruga. A Nuwamba 2025 masu ƙungiyoyin MLS suka amince su sauya wannan tsari daga 2027, a riƙa farawa a Yuli a gama a Mayu. Sai ga shi reshe ya juye da mujiya, an koma tambayar yadda garuruwa masu sanyi za su yi da hunturu.

Mu Waiwayo Gida

Dalilin da ya sa muka yi wannan doguwar tafiya shi ne mu ma muna da garuruwa masu zafi da ƙungiyoyin sana'a, kuma zafinmu ya fi na Florida. A watan Afrilu Kano takan kai digiri 40, Maiduguri ta wuce haka, an kuma saba take wasa da ƙarfe huɗu na yamma saboda ƙarancin fitilu. Duk da haka Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, shekarar da aka fara gasar sana'a a Nijeriya, ta ci gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, ta kuma yi shekara goma sha biyu, daga 2003 zuwa 2015, ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci kofin ƙalubale a 1991 da 1992 da 2024. Wanda ya taɓa ganin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya cika maƙil tun kafin la'asar ana ta "Sai Masu Gida" ba ya bukatar a gaya masa ko gari mai zafi yana son ƙwallo.

Abin da ya taɓa raba ƙungiyoyin nan da jama'arsu ba rana ba ce. Rikicin Boko Haram ne ya sa El-Kanemi ta yi shekaru tana wasannin gida a Kano da Katsina. Pillars ta koma Kaduna bayan an mai da filinta wurin killace masu cutar korona a 2020, daga nan aka shiga hukuncin rage maki saboda hargitsi, ta faɗa ƙaramar gasa a 2022, ta dawo a 2023. Haka abin yake a Sudan: Al Merrikh ta Umdurman, wadda ta doke Bendel United ta ci kofin Afirka a 1989, da abokiyar hamayyarta Al Hilal, sun yi kusan shekara ɗari a ɗaya daga cikin wurare mafi zafi a nahiyar, sai yaƙin 2023 ne ya kore su har suka shiga gasar Muritaniya.

Ciwon Tampa da Miami shi ne namu. Leventis United ta Ibadan ta ci gasar ƙasa a 1986, Abiola Babes ta Abeokuta ta ci kofin ƙalubale a 1985 da 1987, amma kafin shekarun 1980 su ƙare duka biyun sun watse, da zarar masu su sun janye hannu. Raccah Rovers ita ma sai labari. Mafi yawan waɗanda suka rage kuwa na gwamnatocin jihohi ne, ga jama'a a fili amma kuɗin ƙofa da na riguna ba sa biyan albashi, rayuwar ƙungiya ta dogara ga ko gwamnan da ke kan mulki mai son ƙwallo ne. Wannan maraici ne irin na Mutiny, sai dai an lulluɓe shi da babbar riga. Nasarar Remo Stars a 2025, ƙungiyar ɗan kasuwa mai filinta da makarantar horar da yara a ƙaramin garin Ikenne, ta nuna akwai wata hanya.

Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna mana abubuwa uku da ƙungiyar sana'a take tsayawa a kansu kamar murhu: mai ita da zai jure asarar shekarun farko, fili nata daidai girmanta a inda jama'arta suke, da kuma jama'ar da suke jin cewa tasu ce. Mutiny ta rasa biyun farko, Fusion ta rasa na biyu da rabin na uku, Rowdies ta 1980 kuwa gasar da take ciki ce ta rushe a kanta. Zafi yana iya tilasta mana sa'ar da za mu take wasa da watan da za mu huta, kuma wajibi ne mu saurare shi domin lafiyar 'yan wasa. Amma ɗora masa laifin mutuwar ƙungiya barin jaki ne ana dukan taiki. Garuruwanmu na Arewa sun riga sun mallaki dutsen murhun da ya fi wuyar samu, wanda Miami ta yi shekaru tana nema da miliyoyin daloli, wato jama'a. Saura biyun, da fitilun da za su ba mu damar yin wasa bayan magariba, su ne aikin da ke gabanmu.